Dubu Saba'in Ba Ta Rabuwa Gida Shida

Gwandu, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena Sirajuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka koma Kalgo lafiya, ka tarar da Rumaisa da yara ƙalau. Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta. Mu nan lafiya lau, sai dai ƙafata da ta kumbura saboda zaman makoki, amma kumburin ya fara sacewa.

Kada ka ce don me ban turo maka saƙo ta waya ba. Tun da sanƙarau ya tafi mini da kunne waya ta zama kayan ado a wurina, rubutun cikinta kuma ya yi wa idona ƙanƙanta. In kuwa na ba yaran gidan nan su rubuta mini, kafin la'asar duk unguwa ta ji. Shekarun da na yi ina koyarwa a firamare ba su bi kunnen ba, hannuna yana nan. Maƙwabcinmu direba yana bi ta Kalgo, shi zai riƙa miƙa maka, kai ma ka riƙa ba shi amsa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Inna ta bar wasiyya a yi mata hailala dubu saba'in kafin sadakar arba'in. Ba ni ta faɗa wa ba, Ummulkhairi ta faɗa wa, ni a bakinta na tsinta. To, ba komai. Mu shida Inna ta haifa: ni, Umar Faruk, Jummai, Adamu, Hajara, sai kai auta. Ina so a raba mana, kowa ya ɗauki daidai da na ɗan'uwansa, kada gobe wani ya ce an ɗora masa kaya ko an rage masa lada. Adamu ya ɗan yi gunaguni, wai malaminsu bai yarda da wannan ba, amma ya ce tunda Inna ce ta roƙa zai yi nasa.

Na gwada rabawa a takarda, sai saura ya riƙa fito mini. Na ce ƙila kaina ne bai dawo daidai ba. Kai ne malamin lissafi har ana biyanka a kai, sai ka raba ka aiko mini.

Ita Ummulkhairi na ce ta koma ɗakin mijinta a Maruda. Inna ta riƙe ta tun tana 'yar shekara uku da uwarta ta rasu, ta aurar da ita, ita kuma ta zo ta yi jinya, Allah Ya biya ta. Abin da ya rage aikin 'ya'ya ne.

Yayarka,
Halima Sadiya

Kalgo, ranar Laraba

Yaya Sadiya,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na kuma gane hannunki tun kafin in buɗe. Muna lafiya, Rumaisa tana gaishe ki da kyau, ta ce a riƙa gasa ƙafar da ruwan ɗumi. Ni jarrabawar ɗalibai ce ta ɗaure ni, ba zan samu fitowa ba sai ranar arba'in ɗin.

Yaya, kanki lafiyarsa ƙalau. Lambar ce ba ta rabuwa gida shida. In aka ba kowa dubu goma sha ɗaya da ɗari shida da sittin da shida, huɗu za su rage, kuma ko wa ya raba haka zai samu. Dalili shi ne duk lambar da za ta rabu shida sai ta kasance tana rabuwa biyu, tana kuma rabuwa uku. Dubu saba'in cika ce ba mara ba, saboda haka biyu ba matsala. Uku ne ba ya shiga cikinta.

Bari in ɗan yi miki surutu, kin san halina. Na zauna na warware ta don in ga da me aka gina ta. In kika yi ta raba ta biyu, sau huɗu za ki yi ki tsaya. Abin da ya rage ki yi ta raba shi biyar, shi ma sau huɗu. Daga nan sai bakwai ta rage a hannunki, ita kuwa ba mai raba ta sai ɗaya da ita kanta. Ke nan tubalanta duka biyu ne da biyar da bakwai, babu uku ko ɗaya a ciki. Lambobin da ke raba ta ba saura guda hamsin ne cif. In kuma kika tara su duka, kika cire ita kanta, za ki samu dubu ɗari da ashirin da uku da ɗari shida da tamanin da takwas, wato sun fi ta yawa nesa ba kusa ba. Masana suna kiran irin wannan lamba mai yalwa. Da na ga haka sai na ji wani daɗi, na ce wadda aka zaɓa wa mamata ba marowaciya ba ce.

Ga shawara. Manya huɗu su ƙara ɗaya ɗaya a kan nasu, ni da Hajara mu tsaya a haka, shi ke nan ta cika. Hailala ɗaya ba za ta sa kowa gaba da kowa ba. Abin dai da ban sha'awa, da mu bakwai ne da kowa dubu goma zai ɗauka, ba saura ba ƙari.

Ina cikin wannan aiki sai na tuna ke kika koya mini ƙirga, da ƙwallayen tsamiyar da Inna ke tacewa in ta dama kunun sayarwa. In na tsallake takwas ki ranƙwashe ni. Har yau in na zo takwas sai na ji kaina ya yi ƙaiƙayi.

Ƙanenki,
Sirajuddeen

Gwandu, ranar Asabar

Siraju,

Muna lafiya. Ƙafa ta yi sauƙi, ka gode wa Rumaisa.

Na karanta takardarka sau biyu. Tabɗi! Ashe auta ya girma har ya iya jifa da magana. Na ce ka raba mini shida, ka bi ta biyu, ka bi ta biyar, ka kewaya, ka kewaya, sannan ka ajiye mini “da mu bakwai ne” a ƙarshe. In kana da magana ka faɗe ta a fili, ni ba ɗalibarka ba ce. Wace ce ta bakwai ɗin? Ko ta riga ta kira ka a waya ta yi maka kuka? Ku masu kunne ai ba ku rasa hira.

Kai auta ne, a cinya ka tashi, ba ka san komai ba. Ni ɗiyar fari ce. Ana yaye ni aka kai ni Dalijan wurin kaka, sai da na isa talla aka dawo da ni. Tun da nake, ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. “Ke.” “Waccan.” “Ku ce wa waccan ta zo.” Na sani al'ada ce, kunyar ɗan fari ce, uwarta ma haka ta yi wa nata. Na sani, ba sai an yi mini wa'azi ba. Amma sanin bai hana ni jin zafi ba in ina tsakar gida ina daka, ina ji ana “Ummulkhairi zo in yi miki kitso, Ummulkhairi kin ci abinci?” Yarinyar da ba ta haɗa komai da mu ba.

Bayan kunnena ya tafi kuma abin ya ƙaru. Kowa a gidan ya san da leɓe nake ji, sai mutum ya fuskance ni ya yi magana a hankali. Amma in na je gaishe da Inna, ina zama sai ta ɗauki carbi, ta ja mayafi ta rufe bakinta. Haka za mu zauna, ni ina tsince mata wake, ita baki a rufe, har in tashi. Ko 'yar hirar da ta rage mana ta toshe. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, yau ka sa na faɗa.

Kuma tunda lissafi kake so, ga lissafin Inna da kanta. Ka san shekara da shekaru tana yi wa 'ya'yanta irin wannan hailalar tun muna da rai. Carbi ɗaya hailala ɗari, sai ta jefa ƙwallon tsamiya ɗaya a gwangwani. Ƙwallo ɗari bakwai dubu saba'in ke nan, rabon mutum ɗaya. Jiya ina sharar ɗakinta na jawo su daga ƙarƙashin gado, manyan gwangwanayen madara. Ban buɗe ba, ba na son taɓa kayanta tun yanzu, amma na ƙirga, na kuma girgiza kowanne na ji nauyinsa. Shida ne, Siraju. Shida. In ita mai abin ta ƙirga shida, kai wane ne da za ka ƙirga bakwai?

Na karɓi shawararka ta ƙarin ɗaya ɗaya. Na faɗa wa kowa nasa, an fara.

Halima Sadiya

Kalgo, ranar Talata

Yaya Sadiya,

Ina gaishe ki, ina kuma ba ki haƙuri. Wallahi tallahi lokacin da na rubuta wannan layin Ummulkhairi ba ta zo mini a rai ba, kuma ba mu yi waya ba tun da na baro Gwandu. Lambar kawai nake kallo. Rumaisa ta karanta abin da kika aiko ta ce, “Kai dai in ka ga lamba sai ka manta akwai mutane.” Gaskiyarta.

Sai dai ba zan yi miki ƙarya ba. Tun da kika faɗa, abin ya ƙi fita daga raina. Ita ta juya Inna, ita ta wanke ta, ita ta ba ta ruwa a cokali lokacin da mu muke aiko gaisuwa. Ban ce ta fi kowa ba. Amma in aka bar ta ta yi wa Inna hailala, ban ga abin da zai ragu a namu ba. Ke ce babba, abin da kika yanke shi za mu bi.

Abin da kika faɗa na sunanki ya sa ni kuka. Ina gidan nan na tashi, ina jin “waccan” kullum, ban taɓa tsayawa na yi tunanin yadda take sauka a kunnenki ba. Mun ɗauka duk kin saba. Ki yafe mana.

Ga wani abu da nake ganin zai sanyaya miki zuciya. Bara da na zo hutu na tarar da Inna ta buɗe gwangwani ɗaya, na hango ƙyalle a manne cikin murfin, na gane ankon bikina ne, mai ruwan ƙasa ɗin nan. Na tambaye ta, ta ce da haka take gane na kowa, tunda ba ta rubutu. Ki buɗe, Yaya, wannan ba taɓa kayan gado ba ne. Ki ga naki da idonki. Abin da ba ta faɗa da baki ba, ga shi ta ajiye miki a ƙarƙashin gado.

Ƙanenki,
Sirajuddeen

Kalgo, ranar Alhamis

Yaya,

Lafiya kuwa? Direba ya wuce har sau biyu hannu wofi. Na kira Jummai, ta ce kin rufe ɗakin Inna kin riƙe makulli, ba kya cin abincin kirki, kuma kin daina jan carbin. In maganata ce ta ɓata miki rai, ki rubuto ki zage ni, na fi son haka da shirun nan. Arba'in tana matsowa.

Siraju

Gwandu, ranar Lahadi

Siraju,

Ina nan da rai. Ba fushi nake da kai ba.

Na buɗe kamar yadda ka ce. Na ga naka mai ruwan ƙasa. Na ga na Umar Faruk, na Jummai, na Adamu, na Hajara, duk na gane su, ai ni na raba ankon kowannenku. Na shida kore ne mai zanen ganye. Na bikin Ummulkhairi ne.

Nawa shuɗi ne mai ɗigon fari. Na juye gwangwanayen duka a tabarma ko ya faɗa ciki, na ɗaga katifa, na zazzage akwati. Babu.

Ka ga lissafina ya fita daidai, shida ta ƙirga. Ni ce dai ban san wace aka bari a waje ba. Na kori yarinya daga ɗakin uwarta, ashe ni ce baƙuwar. Kada ka rubuto mini maganar kunya. Kunya a gaban mutane ake yin ta. Ƙarƙashin gado wa yake gani?

Ina son in ci gaba da rabona, Allah Ya sani ina so. Amma in na ɗauki carbi sai in sake ajiye shi. Ba na son in kai mata hailala da irin wannan zuciyar. In na kasa, ku raba nawa a tsakaninku, ko ku sa Ummulkhairi a gurbina, kun koma shida ɗin dai.

Da yake na rasa abin yi da hannuna, kafin in mayar da ƙwallayen na zauna na ƙirga na kowane gwangwani, don ban haɗa su ba. Ko a nan ma tsufa ya taɓa Inna, babu ɗaya da ya tsaya a ɗari bakwai, duk ta zarce. Tunda kana son lambobi ga su, ka yi wasa da su. Na Umar Faruk 812, na Jummai 831, na Adamu 798, na Hajara 820, naka 809, na Ummulkhairi 830. Ka gani, har rarar da ta yi muku ta isa a ce an tuna da wani, amma ba a tuna ba.

Yayarka,
Halima Sadiya

Kalgo, ranar Litinin

Yaya Sadiya,

Na roƙi direba ya juyo da wannan yau, ko zai ƙara mai ni zan biya. Ki zauna ki karanta a hankali, kada ki yi mini irin karatun farko.

Ni na ce ki buɗe, ni na jawo miki wannan ciwo, kuma da na san abin da ke ciki da ban faɗa haka ba. Amma Yaya, kin ƙirga gida gida ba ki tara ba. Ni na tara. Don kada son zuciyata ya ruɗe ni, na ba abokin aikina Malam Caleb ya tara, ban gaya masa ko na mene ne ba. Abin da na samu shi ya samu: dubu huɗu da ɗari tara.

In mutum shida Inna ta yi wa, dubu huɗu da ɗari biyu ya kamata a gani. Ki ɗauki rarar kowane gwangwani, wato abin da ya hau kan ɗari bakwai: 112, 131, 98, 120, 109 da 130. Ki tara da kanki, ke kika koya mini. Ɗari bakwai ne cif, ba ɗaya a sama ba ɗaya a ƙasa. Rabon mutum guda ne cikakke, an watsa shi cikin na sauran.

Kin ce tsufa ne. Shekarata nawa ina duba takardun masu kuskure, na san kamanninsa. Mai mantuwa yana zarcewa nan ya gaza can, ba ya zarcewa a wuri shida sannan rarar ta haɗu ta ba da daidai abin da ake nema. Kuma Innar da in kika ce mata kunun jiya ludayi kaza ne za ta gyara miki, ba ita za ta ɓata ɗari a gwangwani ba.

Dubu huɗu da ɗari tara ita ma ba ta rabuwa shida, huɗu ke ragewa, irin wancan sauran da ya dame ki tun farko. Amma tana rabuwa bakwai, har sau biyu ma. Ita murabba'i ce, saba'in sau saba'in. In kina shakkar ƙirgarki ko tawa, ki shimfiɗa tabarmi ki jera su layi layi, saba'in a kowane layi. In gaskiya na faɗa, layi saba'in za ki samu, kusurwa huɗu su cika, ba ƙwallo ko ɗaya a hannunki. In aka mayar da su hailala kuwa, dubu ɗari huɗu da casa'in ke nan, ɗari bakwai sau ɗari bakwai. Duk wannan ya fita daga bakin tsohuwa ɗaya mai sayar da kunu, muna ta harkokinmu.

Iyakar abin da lissafi zai iya faɗa ke nan. Ya ce mutum bakwai aka yi wa, bai faɗi sunan na bakwai ba. Ina da zato, kin san zatona, amma ba zan sake ba ki zato a matsayin tabbas ba, na yi sau ɗaya na ga abin da ya haifar. Mutum ɗaya ce ta zauna da Inna a shekarun nan, ita za ta sani. Maruda ba nisa.

Ƙanenki,
Sirajuddeen

Gwandu, ranar Juma'a

Zuwa ga autanmu Sirajuddeen,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da Rumaisa da yara. Ka gaishe mini da Malam Caleb, ka ce an gode da tarawa. Ni lafiya lau, na ci tuwo jiya har na nemi ƙari.

Ban fara da Maruda ba, ka san ni da taurin kai. Sai da na shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan Inna, na kore kaji, na durƙusa ina jerawa. Ƙafar nan ta yi ta ƙorafi ban kula ta ba. Jummai ta shigo ta tsaya tana kallona, na ga bakinta yana cewa Yaya ta taɓu. Da na zo layin ƙarshe, ina leƙa ƙwaryar da na zuba su ina leƙa gurbin da ya rage. Ƙwallon ƙarshe ya zauna a kusurwa, ƙwarya ta koma wofi. Na daɗe a durƙushe ina kallonsu. Da na juye su wuri ɗaya ba a ƙara gane na wane da na wance, duk tsamiya ce.

Washegari na hau kabu-kabu zuwa Maruda. Na tarar da Ummulkhairi tana shanya kuɓewa. Da ta gan ni sai ta durƙusa tana gaishe ni, kamar ba ni na kore ta ba. Kunya ta kama ni, wallahi. Na ce ta tashi ta zauna inda haske zai faɗa mata a fuska, ta yi mini magana a hankali.

Na ce, “Sau nawa Inna ta sa ki ƙirga mata ƙwallo ɗari bakwai?”

Ta ce, “Sau bakwai, Yaya. In na ƙirga sai ta ƙulle a tsumma, tana cirewa ɗaya ɗaya tana jefawa.”

Na ce, “Gwangwani fa?”

Ta ce, “Shida ta sa na wanke. Ƙulli ɗaya na ce in nemo mai gwangwani, ta ce a'a, wanga ba ya son gwangwani, cikin na ƙannenta za ya shiga. Na ce na wa ne, Inna? Ta harare ni ta ce, mi ya kai ki tambaya? Na waccan ne.”

Na ce to na ji, na gode. Na fara neman takalmina, don ban so ta ga idona ba. Sai ta riƙo mini hannu ta juyo da ni, ta ce akwai saura. Ta ce na kowa Inna tana yi ne duk lokacin da ta samu sarari, amma wannan ƙullin ba ta kwance shi sai ranar da na zo gidan. Kuma kafin kowane carbi takan faɗi sunan mai shi, ta ce Allah ga na wane. Ta ce, “Kina zaune kina tsince wake, ita tana faɗin sunanki. Da ƙarfi ma take faɗi, har ina ji daga madafa. Shi ya sa take rufe baki, don ta san kina karanta leɓe.”

Siraju, sau ɗari bakwai. Ina zaune kusa da ita har gwiwarmu tana gogar juna, ina jin haushin mayafin nan, ina cewa a raina ko hira ba ta son yi da ni. Sai da ta tabbata ba zan ji ba sannan ta samu bakin kira na. Na yi kuka a gidan mutane har maƙwabta suka leƙo. Ina jin daɗi, ina kuma jin haushinta, duka biyun, kuma ban ga ranar da ɗaya zai kori ɗaya ba. Da ta sauke mayafin nan ko sau ɗaya, me zai ragu a jikinta? Allah Ya jiƙan Inna, ta iya son mutum ta hanya mai wuya.

Na tambayi Ummulkhairi yadda take faɗi, Halima take cewa ko Sadiya. Ta ce ba ko ɗaya, cewa take “Halimatu ɗiyata.” Na ce ta maimaita in gani. Ta maimaita. Na ce ta ƙara. Yarinyar nan ba ta gaji ba, tana hawaye tana faɗi, har sai da ni na ce ya isa.

Tare muka dawo Gwandu, mijinta ya ba ta izini har a yi arba'in. Makullin ɗakin yana hannunta.

Yanzu ga rabo, kuma wannan karon ni na raba, ba na neman taimakon malami. Mu bakwai ne, kowa dubu goma. Wanda ya riga ya wuce haka a rabon farko, rarar tasa ce, ya kai wa Inna kyauta. Ni da na tsaya na kama daga inda na ajiye. Dubu goma carbi ɗari ne, saboda haka na ɗebo wa kowa ƙwallo ɗari daga na Inna ya ƙirga da su. Naka suna cikin ƙullin da direba zai ba ka tare da wannan takarda, a shuɗin ƙyalle mai ɗigon fari. Na yanko shi daga tsohon zanena, ka dawo mini da shi ranar arba'in.

Kada ka tambaye ni na wa na ɗebo maka, sun riga sun gauraye. Ƙila akwai nawa a ciki. In ka zo kan takwas kada ka tsallake.

Yayarka,
Halimatu, ɗiyar Inna